Babi na Shida: Tsakanin Ma'aunin Ruwa da Zauren Mai Gari

Duk wanda ya zauna a Abijan ya san mahaɗar Indénié. Wuri ne a gindin tudu, inda hanyoyin Adjamé da Plateau da Cocody suke gamuwa, daidai bakin wani lungu na tafkin Ébrié da ake kira gaɓar Cocody. Shekara da shekaru, da zarar damina ta kankama a watan Yuni, nan ne ruwa ke fara cin mota. Motocin haya, gbaka da woro-woro, su yi cirko-cirko, fasinja su naɗe ƙafar wando, wanda ya yi gangancin kutsawa da ƙaramar mota ya bar ta a nan sai ruwa ya janye. 'Yan kasuwar Adjamé, cikinsu har da Hausawan Nijar da na Najeriya da suka yi kaka-gida a unguwar, ba su taɓa jiran sanarwar hukumar yanayi ba. In hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Abobo, mai gida a Treichville ya san zaɓinsa biyu ne: ya rufe shago da wuri, ko ya shirya kwana a ciki.

Ruwan da ke taruwa a Indénié ba a nan ya sauka ba. Daga Abobo yake gangarowa, ya ratsa Adjamé da wani yanki na Cocody, ta cikin kwarin da ake kira Gourou, wanda faɗin ƙasar da ke zuba ruwa a cikinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 28. A da, yawancin wannan fili daji ne da gonaki, ƙasa tana shanye rabonta, saiwoyi suna riƙe nasu, abin da ya rage ya sauko a hankali. Yanzu kwano ne da siminti da kwalta. Abijan na samun ruwan sama wajen milimita 1,800 a shekara, wato ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma watan Yuni kaɗai kan zubar da fiye da rabin daminar Kano ɗungurungum. Wannan ruwa, da ya faɗo kan rufi sai lambatu, daga lambatu sai babbar magudana, yana tafe da rairayin da ya zaizaye daga gangaren da aka sare wa itatuwa, da leda, da robar ruwa, da tsohuwar katifa. Duk su haɗu a bakin ƙofa guda.

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba. Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya sa kuɗi a aikin kwarin Gourou, aka gyara magudanai, aka yi madatsun da ke tare ruwa su sake shi kaɗan-kaɗan. A 2015 Sarki Muhammad na Shida na Maroko da Shugaba Alassane Ouattara suka ƙaddamar da babban aikin gyaran gaɓar Cocody, aka yashe taɓo, aka sake fasalin mahaɗar kanta. Wanda ya san wurin a da, in ya gan shi yau, zai ce an yi aiki, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai siminti lissafinsa a kan ruwan jiya yake. Masana yanayi sun daɗe da tabbatar da cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta ɗauki tururin ruwa da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. A 2017 wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta ya nuna cewa a yankin Sahel manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku tun daga 1982. A bakin teku kuma akwai ƙarin matsala: tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, tafkin Ébrié ya haɗe da teku kai tsaye, saboda haka in teku ya ɗaga, tafki ya ɗaga, ruwan magudana ya rasa inda zai zuba da sauri. A daren 18 ga Yuni na 2018 zuwa wayewar gari, ambaliya ta kashe mutane kusan 20 a birnin.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a wannan babi shi ne irin mutumin da ake buƙata a wuri kamar wannan. Injiniya yana nan, mai hasashen yanayi yana nan a hukumar SODEXAM. Wanda ya yi ƙaranci shi ne masanin muhallin da zai karanta ma'aunin ruwan sama da hoton tauraron ɗan'adam da safe, da la'asar kuma ya cire takalmi ya shiga zauren masu gari, ya zauna har a gama gaisuwa, ya saurara. Sana'a ce mai zaman kanta, tana da wuyarta, kuma Kwaddibuwa ta haifi mutanen da suka yi ta.

Masu garin Abijan su ne Ébrié, waɗanda ke kiran kansu Tchaman. Kafin Faransawa su mai da wurin babban birnin mulkinsu a 1934, ƙauyukansu ne a jere a bakin tafkin, masunta ne da manoma. Adjamé kanta sunan ƙauyensu ne, kuma babban titin kasuwar da Bahaushe ke kasa kaya a gefensa sunan wani shugabansu yake ɗauke da shi, Nangui Abrogoua. Birni ya haɗiye ƙauyukan amma bai narkar da su ba: Blockhauss da Anono da Anoumabo da Abobo-Doumé suna nan da sarautunsu a tsakiyar benaye. Mulkinsu ba irin namu na gado daga uba zuwa ɗa ba ne. Tsara-tsara ake yi. Akwai tsara huɗu, Blessoué da Gnando da Dougbo da Tchagba, kowace ta riƙe ragamar ƙauye na wajen shekara goma sha biyar ta miƙa wa ta bayanta. Mai binciken da bai san wace tsara ke kan mulki ba, zai iya ƙulla yarjejeniya da dattijon da ake girmamawa amma ba shi da ta cewa, ya koma ofis yana murna. Irin wannan ba a koyar da shi a ajin lissafin yanayi, alhali a kansa ayyuka da dama suke mutuwa.

Mutumin da ya fara nuna wa ƙasar cewa ilimin daji da ilimin jami'a za su iya zama a kai ɗaya shi ne Laurent Aké Assi, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2014. Mahaifinsa mai gadin gandun daji ne, yana yi wa Turawa masana tsirrai jagora, ciki har da André Aubréville. Yaron ya tashi yana bin uban cikin kurmi, yana koyon itace ta ɓawonsa da warin ganyensa da launin ƙaronsa, da sunansa a harsunan mutanen wurin. Daga ɗan rakiya mai ɗaukar samfur ya zama farfesa. Shi ya kafa cibiyar nazarin tsirrai ta ƙasa a jami'ar da ke Cocody, da lambunta da ma'ajiyar busassun ganyayenta, kuma a 1979 shi da Édouard Adjanohoun suka fitar da kundin tsirran magani na Kwaddibuwa, wanda aka tattaro daga bakin masu maganin gargajiya. Akwai tsirrai da dama da masana suka raɗa wa sunansa. Abin da ya kamata a tambaya a nan, kuma ba a cika tambaya ba, shi ne: jagorori nawa irin mahaifinsa ne suka nuna wa Turawa itatuwan da ke cikin manyan littattafan, aka buga littafi babu sunansu ko a gefen shafi?

Shi Aubréville ɗin yana da alaƙa da ƙasar Hausa da ya kamata mu sani. A 1935 wani Bature masanin daji, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tunkaro arewacin Najeriya gadan-gadan, kuma laifin manoma da makiyaya ne. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, da Aubréville a ciki, kwamitin bai ga hamadar da aka ce tana tafe ba. Duk da haka zargin ya zauna daram, har shi Aubréville a littafinsa na 1949 ya yayata kalmar da a yau muke fassarawa da kwararowar hamada, yana ɗora nauyin lalacewar ƙasa a kan sara da ƙonan manomi. A kan wannan fahimta aka gina dokokin gandun daji da suka mai da itacen gonar talaka dukiyar hukuma. Za mu dawo kan abin da hakan ya haifar.

A zamaninmu, wanda rayuwar aikinsa ta fi dacewa da abin da muke magana shi ne Farfesa Inza Koné, malami a Jami'ar Félix Houphouët-Boigny kuma shugaban Cibiyar Binciken Kimiyya ta Suwizalan da ke Adiopodoumé, a hanyar Dabou, wadda aka kafa tun 1951. Da birai ya fara. A kurmin Taï ya yi binciken digirinsa, yana nazarin yadda farauta ke sauya halayyarsu. Mutum zai ce ina ruwan biri da sauyin yanayi, to amsar tana can kusurwar kudu maso gabas, kan iyakar Gana, a wani dajin fadama mai faɗin kimanin hekta 12,000 tsakanin kogin Tanoé da tafkin Ehy.

A shekarar 2000 masana suka bayyana cewa wani jan biri da ake kira da sunan Miss Waldron, ga dukkan alamu, ya ƙare a duniya. Sun yi shekaru suna nema a dazuzzukan Gana da Kwaddibuwa ba su gani ba. Bayan haka sai ga shaidu sun fito daga hannun maharban yankin Ehy: wutsiya, da fata, da hoton wanda aka harbe. Masanin Amurka Scott McGraw ya duba su ya wallafa bayaninsu. Ka tsaya ka dubi lamarin da kyau. Wutsiyar biri guda a hannun maharbi, wanda a idon doka ɓarawon daji ne, ita ta mai da hankalin masana kan dajin da ba su kula da shi ba. Da aka shiga da jiragen kwale-kwale, ana tafiya cikin taɓo har ƙugu, aka tarar da wasu biran da ke dab da ƙarewa, irin su Roloway, suna zaune lafiya, domin wuyar shiga ta kare su. Jan birin dai har yau ba a tabbatar da ganinsa da rai ba.

A 2008 wani babban kamfanin manja ya tashi zai share yankin dajin, ya janye ruwan fadamar, ya dasa kwakwar manja. A nan ne aikin Koné ya tashi daga ƙidayar birai ya koma zaman zaure. Hujjar kimiyya tana hannunsa: ga dabbobin da babu irinsu a wani wuri, ga kuma fadama, wadda ƙasarta jiƙaƙƙiya ke danne ruɓaɓɓen ganye na ɗaruruwan shekaru, da zarar an busar da ita kabon ɗin da ke ciki ya tashi sama ya ƙara wa duniya zafi. Amma takardar bincike ba ta tare buldoza. Abin da ya tare ta shi ne mutanen ƙauyukan da ke kewaye, da sarakunansu, da suka ce dajin nasu ne, daga nan suke samun kifi da itacen gini da magani, kuma ba su yarda ba. Aka haɗa muryarsu da ta masana da ta ƙungiyoyin waje, kamfanin ya janye. Daga nan aka kafa ƙungiyoyin kare daji ƙauye-ƙauye, mutanen gari ke sintiri, su ke sa ido, su ke zama a kan dokar amfani, aka kuma nemi gwamnati ta amince da dajin a matsayin gandun da al'umma ke riƙe da shi da kanta. Koné ya samu lambar yabo ta Whitley a 2012 saboda wannan aiki.

Kada a ɗauka abin ya tafi sumul. Manomin da aka ce kada ya faɗaɗa gonar koko ko ta roba zuwa cikin daji zai tambaya me za a ba shi a madadi, kuma yana da gaskiya. Ƙauyuka biyu kan yi jayayya a kan iyaka. Kuɗin masu tallafi na shekara uku ne, itace kuwa shekara talatin yake so. Rabin lokacin mai wannan sana'a a irin waɗannan rigingimu yake ƙarewa, kuma ba a ba da digiri a kansu. A ƙasar da ta shiga ƙarni na 20 da kurmi mai faɗin kimanin hekta miliyan 16, ƙidayar 2021 kuma ta tarar da ƙasa da miliyan 3, hekta 12,000 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne a lissafi. Darajar dajin ita ce ya nuna abin da ke riƙe daji idan babu mai gadi da bindiga.

Mu Hausawa mun ga irin wannan a gida, sai dai ba mu cika ba shi muhimmanci ba. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya zo jihar Maradi a farkon shekarun 1980 yana raba dashe, dashen na mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sarewa duk shekara lokacin sassabe, ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, cikin 'yan shekaru itace ya tashi. Manomi bai jahilci wannan ba. Wa zai koya wa Bahaushe amfanin gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ba dabba inuwa da 'ya'ya? Abin da ya hana shi barin itace a gona shi ne doka, jikar waccan fahimta ta zamanin Stebbing: itacen na hukuma ne, in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci tararka, don haka gara ka kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta wannan riƙo, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka yi da hotunan sama ya nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Kimiyya ta zo daga baya ta ƙirga. Amma ba don ƙirgar ba, da har yau ana cewa Nijar sai ƙara bushewa take.

A Tanoé da Maradi tambaya ɗaya ce ta warware ƙullin: abin nan na wane ne? A ganina duk wanda ya ce yana aikin haɗin gwiwa da 'yan ƙasa amma yana kauce wa wannan tambaya, yawon ɗibar labari kawai yake. Ana son ilimin tsoho game da inda ruwa ke bi, da watan da kifi ke hayayyafa, da itacen da ba a sarewa, a zuba a rahoto, amma in aka zo maganar fili sai a ce wannan siyasa ce, ba ta masana ba.

Abijan ta nuna ɗaya fuskar a 2024. Hukumar gundumar birnin ta fitar da jerin wurare 176 da ta ce suna cikin haɗarin ambaliya ko zaftarewar ƙasa, ta shiga rusau a unguwanni irin su Gesco da Boribana. Haɗarin gaskiya ne, mutane na mutuwa a gangaren nan duk damina. Amma dubban iyalai sun wayi gari a fili, kuma wanda aka rushe wa ɗaki a wannan kwari, in ba a ba shi wani wuri ba, kwari na gaba zai koma, domin nan ne kuɗinsa ke iya kaiwa. A watan Yuli na shekarar, rusau ya isa ƙauyen Adjamé na Tchaman kansa, saboda faɗaɗa hanyar da ke haɗewa da gadar birnin ta huɗu, aka yi arangama da jami'an tsaro. Mutanen da kakanninsu suka ba birnin masauki su ne ke kallon katafila a ƙofar gida. Bayan irin wannan, duk mai binciken da ya shigo da takardar tambayoyi yana cewa ya zo jin ra'ayin al'umma kan ambaliya, sai ya yi haƙuri da irin kallon da za a yi masa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A Adjamé da Treichville Bahaushe baƙo ne, ko da a nan aka haifi kakansa. Ba shi da ƙasa, amma yana da shago a bakin magudana, yana da sarkin Hausawa, yana da limami da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma ledar da ya ƙulla wa mai ciniki kaya tana cikin abin da ke toshe Indénié. Duk wani tsarin kula da kwarin Gourou da ya tsaya kan masu ƙasa kaɗai, ya manta da miliyoyin da suka zo cin arziki, Dioula da Mossi da Hausa da Yarbawa, ba zai je ko'ina ba. Mai shiga tsakani a nan sai ya iya magana da zaure fiye da ɗaya. Yaron da ya tashi a Adjamé yana jin Hausa a gida, Dioula a kasuwa, Faransanci a makaranta, ya riga ya mallaki abin da baƙon masani zai shekara goma bai samu ba.

Hanyar karatun ma ba nisa gare ta ba. Jami'ar Nangui Abrogoua, wadda ke tsakanin Abobo da Adjamé, ta ƙware a kimiyyar halittu da muhalli, kuma dajin Banco, mai faɗin fiye da hekta 3,000, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1953, yana nan a tsakiyar birni ga mai son koyon aikin fili. Shirin WASCAL, da Jamus ke tallafawa, yana horar da ɗalibai 'yan Afirka ta Yamma kan sauyin yanayi: a Abijan ana nazarin alaƙarsa da halittu, a Yamai makamashi, akwai kuma rassa a Minna da Akure. Ana buƙatar lissafi, da sanin taswirar kwamfuta, da juriyar tafiya a taɓo. Albashin bai kai na injiniyan man fetur ba, kuma sau da yawa aikin kwangila ne da ke ƙarewa tare da kuɗin mai tallafi. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa yaro tun kafin ya shiga.

Iyayenmu na Adjamé da Treichville, kun iya tura ɗa karatun likita da lauya, kun iya ɗora shi a kan shago. In cikin 'ya'yanku akwai mai son itace da ruwa da tambayar tsofaffi, mace ko namiji, kada ku ce masa karatun banza ne. Ku bar shi ya yi.